Ƙahon da aka ajiye a Madina, ya dawo kan hasumiya

Masu haɗa lasifikar ƙaho a gida, irin waɗanda ke raba dare da zarto da falankin katako a gareji, sun san ƙaho ba ya ƙara wa murya ƙarfi ko kaɗan. Hana ta salwanta kawai yake yi. Lasifikar akwati da aka saba, cikin wutar da take sha da kyar kashi 1 cikin 100 ke zama sauti, saura duk zafi ne. Shi kuwa ƙaho, maƙogwaronsa siriri, bakinsa yana buɗewa sannu a hankali, sai ɗan motsi ya tura iska mai yawa, kamar yadda kakaki ke kai numfashin mutum guda har bayan gari.

Sauti mai kauri dogon ƙaho yake so, wanda ba zai shiga ɗaki ba. A 1946, a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, Paul Klipsch ya fara ƙera Klipschorn. Ya nannaɗe hanyar sautin cikin akwati, ya jingina shi a kusurwar ɗaki, bango biyu suka zama ƙarshen bakin ƙahon. Har gobe ana ƙera ta.

Abin mamaki, tun a Madina maganar ƙaho ta taso. Da Sahabbai ke neman yadda za a tara jama'a salla, wasu suka kawo shawarar ƙaho, wasu ƙararrawa. Aka ajiye duka biyun, aka zaɓi muryar ɗan Adam, aka ba Bilal saboda muryarsa ta fi kaiwa nesa. Sai a 1936 Masallacin Sultan na Singafo ya ɗora lasifika, ƙaho ya dawo, amma ɗauke da muryar ladan.

A nan fiƙihu ya shigo. Makahon da ya nemi rangwamen yin salla a gida, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko yana jin kira, da ya amsa, sai ya umarce shi da zuwa. Ke nan an ɗaura hukunci a kan ji. To wanda lasifika ta iske a unguwa ta uku fa? Malamai da dama sun ce mizanin shi ne inda tsurar murya za ta kai idan gari ya yi tsit. Wannan fatawa ta fi kama hankali, don in ba haka ba, wajibi ya koma hannun yaron da ke murɗa maɓallin amfilifaya.

Idan nisan bai ƙara wajibi ba, hujjar ƙure ƙara ta yi rauni. A 2021 Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ƙarar kuma kada ta wuce sulusin ƙarfin lasifikar, bayan iyaye sun koka cewa yara ba sa samun barci. Indonesiya ta ƙayyade desibel 100 a 2022. A duka ƙasashen an yi ta cece-kuce, kuma akwai masallata a cikin masu goyon baya da masu suka.