Turke da Igiya

A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta cinye gonaki da hanyoyi a Jigawa, akwai wani dattijo mai fito a wani ƙauye na ƙasar Kiyawa. Da kwale-kwalensa yake haye da mutane masu zuwa cin kasuwar Shuwarin, ɗansa matashi na taya shi da gora.

Wata rana da almuru, bayan sun sauke fasinjan ƙarshe, dattijon ya ce, "Ɗaure jirgin, zan yi alwala."

Yaron ya kafa turke a cikin rairayi, ya ja goshin jirgin har ya taɓa turken, ya ɗaure tamau. Da uban ya dawo, sai ya sa hannu ɗaya ya girgiza turken, ya tumɓuke.

"Rairayi ba ya riƙe amana," in ji shi. "Biyo ni."

Suka ja jirgin suka wuce kwanar da ruwa ke zaizayar gaɓa, suka sami wurin da ruwa ya lafa, ƙasar kuma laka ce. Nan dattijon ya buga turke ya karkata shi wajen tudu, ya juya goshin jirgin ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Ya bi igiyar da hannu yana neman inda ta ci, sannan ya saki kamar gaba uku kafin ya ƙulla. Ta baya kuma ya jefa dutse ɗaure da wata igiyar, don kada gindin jirgin ya riƙa bugun gaɓa.

"Baba, ai wannan igiyar ta yi sako-sako. Ga gari garau, ko hadari babu."

"Ɗana, ruwan da zai zo mana yau da dare ba a kanmu zai sauka ba. Can sama aka yi shi. In kogi ya ƙaru, jirgi tashi yake yi. In igiya ta hana shi tashi, goshinsa za ta danna cikin ruwa."

Yaron ya yi shiru, ya kwashe ruwan cikin jirgin da ƙwarya, suka tafi gida.

Da asuba kogi ya hau har ya shanye rabin turken. Jirginsu na nan yana lilo a kan ruwa. Na maƙwabcinsu, wanda aka ɗaure da gajeriyar igiya, gindinsa kawai ake hange. Wani kuma da aka kafa wa turke a rairayi, sai can ƙasa aka tsinto shi bayan azahar.

Suna taya maƙwabcin jawo nasa, dattijon ya dubi ɗansa ya ce, "Haka riƙon mutane yake. Wata rana za ka yi iyali. Ka kafa su a kan gaskiya da tsoron Allah, kada wannan ya motsa. Amma ka bar musu wurin numfashi. Wanda ka saki gaba ɗaya ruwa zai tafi da shi, wanda ka matse kuwa kai ne za ka nutsar da shi da hannunka."