Ko Duk Hutu Alheri Ne?

Wata rana da rani na sauka Tambuwal, na bar babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Jega, na hau kabu-kabu na nufi Kebbe domin in gai da wani ɗan'uwana. Na iske maigidan ya tafi fadama wajen albasarsa, amma da ya ke ni ba baƙo ba ne sai aka yi mini iso cikin gida. Matarsa tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Can gefe bisa tabarma ga ɗanta, wanda bai wuce wata 9 ba, an tokare shi da matashi, an kafa masa waya a gaba, waɗansu 'yan hotuna masu launi suna ta tsalle a cikinta. Yaro ya yi tsit, ya ƙura ido. Na tafa hannu, na kira sunansa, ko waiwayowa bai yi ba.

Kakarsa tana zaune bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce, "Kin ga abin da na ke gaya miki ke nan, yarinya. Ɗan mutum a kira shi ya ƙi juyowa?"

Uwar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Inna, in na ɗauke kuka zai yi ta yi. Ga tuwo bisa wuta, ga yayyensa sun tafi Islamiyya, ba mai riƙe mini shi."

Ban sa baki ba, gama na ga kowaccensu tana da gaskiyarta. Amma tun ran nan tambaya guda ta tsaya mini a rai, ita ce kuwa na ke so mu duba tare: shin duk abin da ya hutar da mutum alheri ne gare shi?

Bari mu fara da manya kafin mu komo kan jariri. Dattawan ƙasar nan sun san zamanin da mutum zai tashi daga Kuchi ko Sanyinna da asuba, da kaya a kai ko bisa jaki, ya taka har kasuwa, ya ci kasuwarsa, ya sake takowa gida kafin dare. Mace kuwa ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa bisa dutsen niƙa, ta ja guga a rijiya mai zurfi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan motsa jiki. Sunansa wahala, kuma wahalar ce. Kada wani ya ruɗe ku da zancen daɗin zamanin da. Mata da yawa sun tsufa tun ba su kai tsufa ba saboda turmi da tulu, kuma duk wanda ya ce injin niƙa da rijiyar burtsatse da babur ba ni'ima ba ne, to, bai taɓa riƙe taɓarya ba.

Sai dai akwai wani abu da ke ɓoye cikin wahalar nan wanda ba mu lura da shi ba sai da ta fara tafiya. Jikin mutum an yi shi domin motsi. In yana aiki, zuciya ta kan yi ƙarfi, jini ya gudana sosai, naman jiki ya ƙone abincin da aka ci. In ya zauna wuri guda shekara da shekaru, yana cin abin da ya saba ci sa'ad da ya ke noma, har ya ƙara da lemon kwalba da shayi mai sukari, sai ƙiba ta zo, hawan jini da ciwon sukari su sami ƙofa. Dā lafiyar nan ta kan biyo wahala ba tare da an gayyace ta ba. Yanzu da wahala ta ragu ga waɗansunmu, lafiyar ba za ta zo ba sai an aika mata da niyya.

Na ce waɗansunmu, domin manomin da ke wuni yana ban ruwa a fadama ba ya bukatar kowa ya koya masa motsa jiki. Maganar tana kan mai shago da ke zaune daga hantsi har isha'i, da malamin ofis, da ɗan kabu-kabu wanda ko masallacin bayan gidansa sai ya tada babur, da matar da ke cikin kulle wadda inji ya ɗauke mata daka amma ba a ba ta wani abin da zai maye gurbinsa ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya sami aƙalla minti 150 zuwa 300 kowane mako yana motsin da zai ɗan ɗaga numfashinsa, kamar tafiya da sauri. In ka raba minti 150 ga kwana 5, minti 30 ke nan a yini. Wanda ya ajiye babur ya taka zuwa masallaci da kasuwa da gaisuwar 'yan'uwa ya kusa biyan wannan bashi ba da ya kashe ko kwabo ba.

Amma akwai wani ciwo a zukatanmu da ke hana wannan, watau ganin cewa tafiya a ƙasa alamar rashi ce. Mutum ya sami abin hawa, in aka gan shi yana takawa sai a ce, "Alhaji, lafiya? Ina mashin ɗin?" Kunyar wannan tambaya ta zaunar da mutane da yawa, har likita ya zo ya tashe su.

To, mu komo kan tabarmar nan ta Kebbe. Abin da babur ya yi wa ƙafar uba, shi waya ke yi wa jariri, sai dai nata ya fi tsanani, domin uban ya riga ya ginu, jaririn kuwa yanzu a ke gina shi. Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a 2001. Yaran da aka haifa a shekarar nan yanzu su ne iyaye, ba su san duniya babu ita ba, don haka ba su ganin wani abin mamaki in an miƙa wa ɗan goye.

Ku lura da yadda yaro ke koyon magana. Ya kan yi gwaranci, uwa ta amsa masa. Ya yi murmushi, ta yi masa. Ya nuna akuya da yatsa, yayarsa ta ce, "Akuya ce, ka ce akuya." Ya jefar da ludayi, a ɗauko masa, ya sake jefarwa, yana duban fuskar mai ɗaukowa ya ga abin da za ta yi. Wannan ba-ni-in-ba-ka da mu ke ɗauka wasa ne, shi ne makarantarsa ta fari, kuma a shekarun nan na farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin girma. Waya kuwa tana magana, amma ba ta saurare. Ko yaro ya yi dariya ko ya yi kuka, hotunan tsallensu kawai su ke yi. Ba harshen mutane ya ke koya a wurinta ba, zama shiru ya ke koya. Ga shi kuma duk sa'ar da ya yi a tokare yana kallo, sa'a ce da bai yi birgima ba, bai yi rarrafe ba, bai kama gefen turmi ya miƙe ba.

Saboda haka ne a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce jaririn da bai cika shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin sam. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce sa'a 1 a yini, in an rage ma ya fi. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rub da ciki yana farke, ana dubansa, har a tara minti 30 a yini, domin wuyansa da bayansa su yi ƙwari. Yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya sami sa'a 3 a yini yana wasan motsa jiki iri iri. Barci kuwa, ɗan wata 4 zuwa 11 yana bukatar sa'a 12 zuwa 16 a dare da rana, ɗan shekara 3 ko 4 kuma sa'a 10 zuwa 13. Hasken waya da dare yana kore barci, ga babba ma balle yaro.

Akwai wata magana cikin shawarwarin nan da ta taɓa al'adarmu, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Sun ce kada a ɗaure jariri wuri guda fiye da sa'a 1 a lokaci ɗaya, har suka ambaci goyo a baya. Da na fara jin haka raina bai so ba, gama ni kaina a baya aka raine ni. A ganina goyo ya fi waya nesa ba kusa ba. Ɗan goye yana jin ɗumin uwarsa, yana jin muryarta, yana ganin duk wanda ta gaisa da shi. Amma da na sake tunani sai na ga ba hana goyo suka yi ba. Cewa suka yi a riƙa kwance majanyi lokaci lokaci, a sauke yaro bisa tabarma ya miƙe gaɓoɓinsa. Kakanninmu ma haka su ke yi, in an gama daka a sauke shi, yara su kewaye shi suna yi masa tatata.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Laifin wa? Abu mai sauƙi ne a ɗora wa uwa, kamar yadda kakar nan ta yi. Amma ku tuna, dā gida guda ya kan tara kaka da kishiyoyi da matan 'yan'uwa da 'yammata, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu. Yau 'yammatan suna makaranta, wannan kuwa alheri ne da ba mu so ya koma baya. Gidaje sun rarrabu. Aikin reno da mutum biyar ke yi ya komo kan mace guda, ga girki, ga wanki, ga 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula. Mace irin wannan in ta miƙa waya ba ƙin ɗanta ta yi ba, hannu ne ya yi mata kaɗan. Wanda ya ce mata ta daina, bai kuwa miƙa nasa hannun ba, bai yi adalci ba.

Ni dai a wurina babban kaso yana kan maigida. Sau da yawa shi ya sayo wayar, shi ke biyan kuɗin caji, shi ke zuwa wurin masu tura finafinai a cika ta. In ya dawo da yamma ya kan zauna a zaure ko a majalisa, kansa sunkuye bisa tasa wayar har dare ya raba. Mun ɗauka haƙƙin iyali ya ƙare ga hatsi da cefane da tufafin salla. Amma ɗa amana ne, amana kuwa ba cikinsa kaɗai ba ne, har da idonsa da harshensa da ƙafafunsa. Namiji ya ɗauki ɗansa ya zaga da shi bayan gari da la'asar, yana nuna masa shanu da tsuntsaye, ba abin kunya ba ne. Tafiya guda ta biya bukata uku: ƙafar uban ta motsa, kunnen yaron ya ji magana, uwar ta gama tuwonta cikin natsuwa. Na san akwai kunyar ɗan fari, wadda ke hana waɗansu iyaye ko kiran sunansa. Wannan al'ada ta zauna daidai sa'ad da akwai kaka da baffa da goggo da za su ɗauke shi. Inda babu su, kunya ba za ta yi reno ba.

Kada kuma a ce na mai da waya shaiɗan. Mazajen ƙasar nan da yawa su kan tafi cin rani Ikko ko Badun, su yi watanni. In uba ya kira ta hoto, ɗansa ya ga fuskarsa, ya yi gwaranci uban ya amsa, wannan dabam ne, domin akwai mutum a ɗaya gefen. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, a shawararta ta 2016, ta keɓe irin wannan kira daga abin da ta hana wa jarirai. Haka nan in an sa karatu yana tashi a ɗaki, yaro yana wasansa a ƙasa, ba a kafa masa ido ga gilashi ba, ban ga aibu ba. Yara manya kuwa ba a raba su da ita da bulala. A yanka musu lokaci, a hana ta wurin cin abinci da wurin kwana, a bar su su fita dandali. Langa da 'yar gala-gala da gaɗa da kokawa ba su mutu ba tukuna a ƙauyukanmu, sai dai in mu muka kashe su.

Da ɗan'uwana ya dawo daga fadama muka zauna a zaure bayan magariba, na gaya masa abin da na gani da abin da na ke tunani. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi bai taɓa ɗauka abin ya shafe shi ba, a zatonsa zancen mata ne. Da na koma bayan watanni na tambaye shi. Ya ce sun sha kuka kwana uku, har uwar ta kusa sakewa. Yanzu in za a ɗora tukunyar dare, kakar ce ke ajiye gyaɗarta ta karɓi yaron, ran da ya dawo da wuri kuwa shi ke saɓa shi a kafaɗa su tafi duba awaki. Amma ya ce ran da kakar ta tafi unguwa, shi kuma ban ruwa ya riƙe shi, har yanzu wayar ce a kan kafa masa, sai dai ba kullum ba.