Shekarar da Citta Ta Ruɓe

A ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, citta ce ke riƙe da gida. Da kuɗinta ake biyan makarantar yara, da shi ake sa wa ɗaki kwano, da shi ake kai sadaki. Aikinta kuwa ba na rago ba ne. Manomi zai yanyanka iri ƙanana-ƙanana, kowane yanki da idonsa, ya binne da ruwan farko a watan Afrilu ko Mayu, ya lulluɓe gonar da ciyawa da ganye don kada rana ta ƙona tsiron. Daga nan sai cire haki da hannu, a durƙushe, domin fartanya tana iya sare abin da ke ƙasa. Sai wajen Nuwamba ko Disamba, in ganye ya bushe, a tono, a tsaga da wuƙa, a shanya cikin iskar hunturu har ƙamshi ya cika unguwa.

A wani ƙauye kusa da Kwoi akwai wani magidanci mai suna Iliya, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ba malalaci ba ne, ba kuma mashayi ba. Shi ke jan muryar maza a ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarsu. A shekarar 2023 ya yi niyyar ninka gonarsa, saboda babban ɗansa Dauda ya kusa gama sakandare. Ya je wurin wani Alhaji mai sayen busasshiyar citta yana lodinta zuwa Kano, ya karɓi kuɗi a kan zai biya da citta in kaka ta yi. Matarsa Rifkatu ma ta kwashi adashinta ta zuba masa. Bai gama rufe gona ba aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota da na taki suka yi tashin gwauron zabi. Ya koma wurin Alhaji ya ƙaro.

Gonar ta yi kyau har mai wucewa yakan tsaya ya yaba. Ana tsakiyar damina, sai labari ya fara zuwa daga wajen Kachia da Kagarko cewa wata cuta ta shiga citta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wata safiya Iliya ya tarar da ganyen gefen gonarsa ya yi ɗorawa. Ya kama kara ɗaya ya ja kaɗan, sai ya biyo hannunsa ba gardama. Ya tona da yatsa, ya ɗago abin da ya kamata ya zama citta, sai ruɓaɓɓen abu mai wari ya narke masa a tafin hannu.

Ya sayi magani ya fesa. Ya yi azumin kwana uku, ya durƙusa a bakin gona yana roƙon Ubangiji ya tsai da annobar a kan iyaka. Kafin wata ya ƙare gonar ta kwanta gaba ɗaya.

Asarar ta yi masa ciwo, amma abin da ya fi cinsa shi ne shirun da ya ga kamar Allah ya yi masa. Ya daina zuwa koyon waƙa. Ran Lahadi sai ya ce kansa na ciwo. Da asuba, in Rifkatu ta tara yara don addu'ar safe, yakan saɓa fartanya ya fice kafin a buɗe Littafi, ya je ya zauna a kan dutse yana kallon gonar da babu abin nomewa a cikinta. In ya ji ƙarar babur a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi, ya ce wa yara su ce ba ya nan, don yana tsammanin yaron Alhaji ne. Da dare kuma lissafi yake yi. Ya tara, ya ɗebe, ya sake tarawa, amsar ba ta canjawa, har zakara ya yi cara.

“Baban Dauda, ko kunu ka sha mana,” in ji Rifkatu.

“Ajiye, zan sha.”

Da yamma ta zo ta ɗauke kofin yadda ta ajiye shi. Da abin ya fi ƙarfinta sai ta tafi wurin Gwaggo Saratu, yayar mahaifinsa.

Gwaggo tana cikin tsofaffin Zumuntar Mata, ita ke buga tulu in suna waƙa. Kakanta yana cikin waɗanda suka fara jin bishara bayan 'yan mishan na SIM sun sauka a Kwoi a 1910, ita kuma da Littafi Mai Tsarki na Hausa ta koyi karatu, ko da yake a gida yarensu na Ham take yi. Ta binne miji, ta binne 'ya'ya biyu. Mutanen ƙauyen sun san cewa in ta ce maka sannu, ta san abin da take yi wa sannu.

Ba ta je gidansa ba. Aika jikanta ta yi ya ce ƙofar ɗakinta ta ɓalle, Iliya ya zo ya duba. Ƙofar kuwa da gaske ta ɓalle, ta yi watanni a haka. Ya zo ya buga ƙusa, ya gyara, zai tafi ta ce ya zauna. Ta ajiye masa kwanon faten acca mai zafi, da yakuwa da gauta.

“Gwaggo, na ƙoshi.”

“Ban tambaye ka ba, ɗana. Wanke hannu.”

Ba a musu da yayar uba. Ya kai loma ɗaya don kunya, ta biyu kuma yunwa ce ta kai ta. Tana zaune a kujerarta 'yar tsugune tana ɓare gyaɗa, ba ta ce masa uffan ba sai da ya suɗe kwanon.

“Ka san labarin takwaranka?”

“Wanda ya kira wuta daga sama? Na sani, Gwaggo. Ni na kira, ba abin da ya sauko.”

“Ba wannan ba. Na bayansa nake nufi, wanda ba a cika yin wa'azi a kai ba. Bayan wutar, Yezebel ta aika masa cewa za ta kashe shi. Annabi guda ya ranta a na kare, ya shiga jeji, ya zauna gindin wani ɗan itace ya ce wa Allah ya gaji, gara ya mutu. To, me Allah ya yi masa? Ya tsawata masa?”

Iliya ya yi shiru.

“Barinsa ya yi ya yi barci. Sa'an nan ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, ya tashe shi ya ci. Ya ci, ya koma ya kwanta. Aka sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya, da ya yi ƙarfin jinta. Kai ma ga tabarma can.”

Ya ce zai ɗan miƙe bayansa ne kawai. Bai farka ba sai da rana ta yi gora.

Ni a ganina hikimar tsohuwar nan ta fi ta yawancinmu. In ɗan'uwa ya shiga ƙunci, mukan yi saurin zuwa masa da ayoyi da tuhuma, mu ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko akwai zunubin da bai tuba ba. Mukan manta cewa wanda ya halicci rai shi ya halicci ciki, ya kuma san mutumin da ya yi mako bai runtsa ba ba zai ji ta'aziyya ba, ko mala'ika ne ya kawo ta. Yesu da kansa, da ya tarar da almajiransa a bakin teku bayan tashinsa, har da Bitrus da ya yi musunsa, sai da ya ba su gasasshen kifi da gurasa kafin ya yi wa Bitrus tambaya.

Da ya farka, ta miƙa masa ruwa ya wanke fuska. Sai bakinsa ya buɗe. Ya faɗa mata azumin da ya yi, da ɓuyan da yake yi wa babur, da adashin Rifkatu da ya narke a ƙasa. Ya ce ga godiyar kaka tana matsowa, shi kuwa ba zai iya shiga layin masu rawa da hannu wofi ba, mutumin da bara ya kai buhu guda.

“Wa ya ce hannunka wofi ne? Me ka noma bana?”

“Ba komai, Gwaggo. Sai bashi da damuwa.”

“To, abin da gonarka ta ba ka ke nan. Shi za ka kai wa Ubangiji. Shekarar da na binne Yohanna, hawaye na kai, ya kuwa karɓa. Ban ce maka ya dawo mini da yaron ba. Amma tun daga ranar ban ƙara ɗaukar abin ni kaɗai ba.”

Godiyar kaka ta shekarar ba ta yi kama da ta kowace shekara ba. Har wasu dattawan ikilisiya sun kawo shawarar a ɗage ta, matan Zumunta suka ce ba su yarda ba. Gaban majami'a, inda aka saba jibge buhunan citta har su tare mumbari, ranar kabewa ce, da dawa, da 'yan mudun acca, da kaza guda da aka ɗaure wa ƙafa. Baba Fasto ya karanta ƙarshen littafin Habakuk, inda annabin ya lissafa itatuwan da suka ƙi 'ya'ya, da gonakin da suka ƙi abinci, da garken da ya watse, ya kuma ce duk da haka murnarsa tana ga Allah. Bai yi dogon bayani ba. Babu wanda ke zaune a wurin da yake bukatar a fassara masa.

Mata suka ɗauki waƙa, tulun Gwaggo yana amsawa daga ƙasa. Iliya ya shiga layi da mudun masara ɗaya a leda, takardar bashin Alhaji tana aljihun rigarsa. Da ya iso gaba ya ajiye masarar, ya durƙusa, ya dafa aljihun. A hankali, yadda ba mai ji sai wanda yake yi wa magana, ya faɗi adadin kuɗin, naira da naira. Tun da abin ya faru bai taɓa furta shi da baki ba, ko ga matarsa. Ya ce, “Uba, ga shi. Ni na kasa.” Ba wata murya da ya ji, takardar ma tana nan yadda take. Sai dai da ya miƙe, numfashinsa ya sauka har ciki, abin da ya yi watanni bai yi ba.

Bayan sujada maza suka zauna a gindin mangwaro. Wani dattijo ya ce, “Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni dai ana bina, ban san ku ba.” Aka yi shiru, sai wani ya ce shi ma, wani ma ya ce shi ma. Ashe mutumin da Iliya yake jin kunyar haɗa ido da shi a hanya, shi ma ɓuya yake yi wa babur. Suka yi addu'a tare, suka kuma yanke cewa za su yi gayya a gonakin juna da bazara, tun da ba mai kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago.

Daren nan ya faɗa wa Rifkatu adadin. Ta yi kuka, sa'an nan ta ce, “Da ka gaya mini tun tuni, Baban Dauda. Ni na ɗauka ya fi haka.”

Washegari ya hau mota ya tafi shagon Alhaji da kansa. Ya gaishe shi, ya zauna a benci, ya ce, “Alhaji, na zo ne ba da ko kwabo ba. Na yi ta ɓoye maka, ban kyauta ba. Gonar ta mutu, amma ban ci kuɗinka ba, ba kuma zan gudu ba.”

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Shi ma shagonsa wayam yake, shi ma akwai masu binsa a Kano. Ya ce, “Malam Iliya, yafewa dai ba zan iya ba, don kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba. Amma wanda ya kawo kansa ba a ɗaure shi. Mu raba shi kaka biyu.” Ya buɗe littafinsa ya rubuta, suka sa hannu.

Kada a ɗauka daga nan tsoro ya yi ƙaura. Akwai dararen da lissafin yakan dawo, musamman lokacin da aka koro Dauda daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, har sai da aka sayar da akuyar Rifkatu. Abin da ya canja shi ne yanzu Iliya ya san inda zai kai shi. In an gama cin tuwon dare, shi da matarsa sukan zauna bakin gado, su gode don abin da aka ci a ranar, su ambaci abin da ke damunsu da sunansa, su bar na gobe sai goben ta zo. Wani lokaci addu'ar ba ta fi jimla biyu ba. In barci ya ƙi duk da haka, yakan tashi ya karanta Zabura da fitilar waya har idonsa ya yi nauyi. Ya koma zama cikin yara da asuba. Ya koma layin maza a ƙungiyar mawaƙa, ba wanda ya tambaye shi inda ya shiga.

Da damina ta 2024 ta zo, irin citta ya yi wuya, ya yi tsadar da talaka ba ya iya taɓawa. Malaman gona kuma suna gargaɗin kada a maimaita ta a ƙasar da cutar ta ci. Iliya ya shuka masara da waken soya a babbar gonarsa. Gwaggo ta ba shi wani ɗan fili nata da ya daɗe yana hutawa, ya sa ɗan irin da ya samu, abin da bai fi faɗin ɗaki biyu ba.

Ana saura mako biyu Kirsimeti ya ɗora buhunan waken soya a mota, ya sayar, ya wuce shagon Alhaji ya ƙirga masa rabin bashin. Alhaji ya soke layi ɗaya a littafin, ya ce saura na baɗi, Iliya ya ce in Allah ya kai mu. Da canjin da ya rage ya sayi gishiri da daddawa, da man zafi na shafa wa gwiwar Gwaggo, sa'an nan ya yi sauri ya nemi babur, domin ƙarfe huɗu ake fara koyon waƙoƙin Kirsimeti.