Gyaran Gidan Farko: Domin Wa Ake Yinsa?

A garuruwa da ƙauyukan Filato, Kudancin Kaduna, Nasarawa da Adamawa akwai wani irin gida da kowa ya sani: ɗakuna uku ko huɗu a jere, bangon tubalin ƙasa da aka shafe da siminti, rufin kwano, da 'yar baranda a gaba. Da yawansu an gina su a shekarun 1970, sa'ad da sojoji suka komo daga yaƙin basasa, ƙarin albashin Udoji na 1974 kuma ya sa malaman makaranta da akawuna suka riƙe kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. A iyalai da dama shi ne gida na farko da ya rabu da jinkar ciyawa, a cikinsa kuma aka haifi waɗanda yau suke aiki a Abuja, Legas da Fatakwal. Gidan ya kai shekara hamsin. Kwanonsa ya yi tsatsa, gara ta ci katakon rufi, bangon baya ya tsage, a ɗaki ɗaya da ya rage da dama-dama kuwa wata tsohuwa tana jera robobi da tukwane a ƙasa duk lokacin da hadari ya haɗo.

Wata rana 'ya'yan za su zauna su ce lokaci ya yi da za a gyara gidan Baba. Magana ce mai kyau. Amma akwai tambayar da ba a cika yi a irin wannan zama ba, wato domin wa za a yi gyaran? Ba wanda zai amsa da bakinsa cewa domin idon baƙi ne. Amsar takan fito ne a takardar lissafi, a kan aikin da aka rubuta a layi na farko da wanda aka bari sai in kuɗi ya ragu.

Sanannen abu ne yadda ake yi a wurare da yawa. Gida zai yi shekara goma sha biyar yana yoyo, ba wanda ya aiko da bandir ɗin kwano ko ɗaya. Ranar da maigidan ya rasu, sai a kai gawarsa ɗakin ajiya na asibiti, a ɗaga jana'iza da mako uku ko wata guda, a tara kuɗi cikin kwana biyu. Nan da nan a ga fenti, a ga tayil a falo, a ga sabon ƙyauren ƙarfe. Abokan aiki su zo daga birni, zumuntar mata da mawaƙa su cika fili, kowa ya yaba wa 'ya'yan da suka riƙe gidan ubansu. Mutumin da aka gyara gidan da sunansa kuwa bai kwana cikin gyaran ko dare ɗaya ba.

Ba adalci ba ne a yi wa masu wannan hali dariya kawai a wuce. Kunyar iyali abu ce ta gaske, marmarin girmama mamaci kuma ba laifi ba ne. Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci: jama'a sukan ba da gudummawa domin biso, amma da wuya su ba da ita domin rufin mai rai, saboda haka wani ɗan bai taɓa ganin kuɗin gyara a hannunsa ba sai ranar rasuwa. Duk da haka aikin da aka yi domin taron yini ɗaya yakan ɗauki halin taron. Fentin da aka shafa a bango mai danshi zai ɓare da ruwan farko. Baƙi za su watse, gwauruwar da aka bari za ta koma jera robobinta, wannan karo a kan tayil.

Wanda yake gyara domin mai kwana a ciki yakan fara da ruwa, gama ruwa ne yake kashe gini. A Jos ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,400 a shekara. Rufin da tsawonsa mita goma ne, faɗinsa mita goma, yana karɓar lita 140,000 ke nan kowace damina, wato duro 700 na lita 200. Duk wannan ruwa sai ya bi wani wuri. Idan kwano ya huje, zai bi katako ya ruɓar da shi. Idan bakin rufin gajere ne kuma ba magudana a ƙasa, zai zuba a gindin bango ya taru a wurin, ƙasa ta sha ta yi laushi, harsashin ya fara nutsewa. Don haka jerin aikin a fili yake: rufi tukuna, sa'an nan hanyar da za ta kwashe ruwa daga gindin gida, sa'an nan bangon kansa. Fenti shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi arha a cikinsu, abin da ya sa ake yawan farawa da shi.

Bai kamata a raina bangon ƙasa ba. Yana hana zafin rana shiga, yana riƙe ɗumi a daren hunturu, idan ruwa bai taɓa kansa da gindinsa ba kuma yakan fi wanda ya gina shi tsawon rai. Matsalarsa ita ce shafen siminti da ke rufe shi, gama idan ruwa ya shiga bayan shafen ba ya samun hanyar fita, ƙasar tana narkewa a ɓoye alhali fuskar tana nan sumul. Gogaggen birkila yakan bi bango yana ƙwanƙwasawa, inda ya ji amo kamar na ganga ya san shafen ya rabu da tubali. Tsagewa ma iri-iri ce. Kafin a cike ta, a shafa ɗan siminti siriri a kanta a rubuta kwanan wata, a jira damina ta wuce. Idan shafen ya sāke tsagewa, harsashin yana motsi ke nan, cikewa ba za ta yi magani ba, ɗora bene a kai kuwa ganganci ne da rayukan mutane. Wannan dubawa tana cin watanni, shi ya sa gyaran kirki ba ya yiwuwa tsakanin rasuwa da jana'iza.

Akwai haƙƙin da ba a cika tunawa da shi ba, na yaron da za a ba guduma a ce ya farfashe tsohon silin. Silin da yawa na wancan zamani na asbestos ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar cewa shaƙar ƙurarsa tana jawo ciwon daji, wanda yakan bayyana bayan shekara ashirin ko fiye. Lebura zai karɓi kuɗin yininsa ya tafi, ba zai taɓa sanin inda ya ɗauko cutar ba. Idan silin ɗin lafiyayye ne, barinsa ya fi taɓa shi. Idan dole ne a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi allo-allo ba fasawa, mai aikin ya rufe hanci da baki da abin kariya na ƙwarai.

Bayan ruwa sai mai zama a gidan. Abin mamaki ne yadda 'ya'ya biyar za su yi wata uku suna shawara ta waya a kan gidan da mahaifiyarsu take ciki, ba wanda ya ce, "Mama, me ya fi damunki a gidan nan?" Da an tambaye ta, mai yiwuwa ba za ta ambaci falo ba. Za ta ce masai ya yi nisa, tana tsoron fita da dare. Matakalar ƙofa ta yi wa gwiwarta tsawo. Hayaƙin madafa yana cin idonta. Tayil mai santsi da ke burge baƙo tarko ne ga mai shekara tamanin, karayar ƙugu a wannan shekaru kuwa sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Masai na zamani a gidan da ake jan ruwa da guga ƙarin wahala ne ga wadda za ta ɗauki bokiti. Idan sabon rami za a haƙa, ya yi nisan kamar mita talatin da rijiya, ya kasance kuma a gangare da ita. Waɗannan ayyuka ba sa fitowa a hoto, amma da su za ta rayu kowace safiya.

Sai magana mafi wuya, wadda ta fi gara rushe irin waɗannan gidaje: na wane ne gidan? Yawancinsu ba su da takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma ta ba da iznin zama bisa al'ada a karkara. Amma Baba ya sami filinsa ne da bakin mai unguwa a gaban shaidu uku, dukansu kuma sun riga shi tafiya. Muddin gidan kango ne ba mai gardama a kansa. Ranar da ya yi kyau, ranar kowa zai tuna da rabonsa.

Ɗan da ya fi ba da kuɗi yakan ɗauka a ransa cewa gyara ya zama saye, ko da bai faɗa ba. Yakan zaɓi ɗaki mafi kyau ya kulle ya tafi da mabuɗi, ɗakin ya yi wata goma sha ɗaya a rufe yana jiran Kirsimeti. A gefe guda ga ƙanen da bai tafi ko'ina ba. Shi ne ya hau rufi yana toshe huji kowace shekara, shi ya kai Baba asibiti a kan babur, matarsa ce ta yi wanki da jinya. Ba rasit ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa, domin haka ranar lissafi sai a ce bai ba da kome ba. Wannan zalunci ne, kuma yawanci masu yinsa ba su san suna yi ba, gama sun saba auna gudummawa da abin da ya bi ta banki. Da wannan ƙane bai zauna ba, da ba a sami gidan da za a gyara ba.

Haka kuma 'ya'ya mata. Ana tunawa da su sa'ad da ake raba kuɗin siminti, a manta da su sa'ad da ake raba ɗakuna. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ukeje da Ukeje, ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, ta ce ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999. A wannan shekara kuma, a shari'ar Anekwe da Nweke, ta ƙi amincewa da korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba. Al'adun Ibo ne aka kai ƙara a kansu, amma sashen da ya hana nuna bambanci saboda jinsi na ƙasar ne duka. Iyalin da ke da hankali ba zai jira kotu ba. Kafin a sauke yashi tifa ɗaya, a zauna gaba ɗaya, mata da maza, a gaban dattawan dangi, a rubuta: gidan na wa ne, wa zai zauna a ciki muddin ransa, kuɗin da kowa ya bayar kyauta ne ko rance ne ko rabo ne. Wasu za su ce rubutu tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ne. Takardar kuwa ba domin su ake yinta ba, domin 'ya'yansu ne, waɗanda suka tashi a birane dabam-dabam, ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Game da kuɗi, abu kaɗan ya isa. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a Fabrairun 2024, don haka lissafin da aka yi bara ba abin dogara ba ne. A raba aikin kashi-kashi, kowane kashi ya zama wanda za a iya tsayawa a kansa gida ya zaunu. Kada a kware rufi sai sabon kwano da katako da ƙusa suna ajiye a tsakar gida, da rani kuma. Siminti yana bukatar ban ruwa na mako guda, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, iskar hunturu kuwa tana busar da shi kafin ya kama. Aikin da aka fara ran 10 ga Disamba domin baƙin ran 25 an riga an san ƙarshensa. Maigidan da zai taɓa kuɗin makarantar yaransa domin gidan mahaifinsa kuma, wajibi ne uwargida ta ji tun kafin a yi, kada ta ji a bakin birkila.

Ba kowane gidan da ya lalace ne aka yi sakaci da shi ba. Bayan rikice-rikicen Jos na 2001, 2008 da 2010, iyalai da yawa, Kirista da Musulmi, sun bar unguwannin da aka haife su, wasu sun sayar da gida da arha, wasu sun bar shi haka nan. A wasu ƙauyuka hare-hare ne suka kori mutane. Karin maganar nan cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, bai dace a jefi waɗannan da ita ba.

Akwai kuma gidan da ba tsohuwa a cikinsa, ba ƙane, ba wanda yake da niyyar komawa. Zuba miliyoyi a irin wannan domin a kulle shi ɓarna ce, gama gidan da ba kowa ya fi saurin mutuwa: ba mai ganin yoyon farko, ba mai jin motsin gara. Idan bangonsa yana da sauran ƙarfi, a gyara rufin da masai, a ba malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibitin da aka turo garin ɗakuna biyu bisa yarjejeniya a rubuce, a bar ɗaki ɗaya domin iyali in sun zo. Idan kuwa harsashin ya tafi, a kwashe kwano da katakon da suka rage a ba ɗan'uwan da ke gini, a kewaye kaburbura da itacen mangwaron da Baba ya dasa, sauran filin a bar wa mai noma.