Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mutane sun fi riƙe rabin farko na maganar, don shi ke sanyaya zuciya. Rabin ƙarshe kuwa shi ne farashin, kuma ban san waɗanda suka biya shi cif kamar kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ba.

Kafin zamanin jirgin sama, mai niyyar gabas daga ƙasar Dakoro ba ya fita sai ya biya bashi, ya bi gida-gida neman gafara, ya bar wasiyya. Ya ɗora wa jaki mangala da salka, ya gangara Maraɗi, ya bi ta Katsina da Kano, ya shiga ayari zuwa Borno. Daga nan sai Njamena, wadda ake kira Fort-Lamy a lokacin, sai Abeshe ta ƙasar Wadai, sai Fashir ta Darfur, har bakin kogin Nilu. Tudu ya ƙare a Sawakin ko Port Sudan, a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda.

Na taɓa taka rairayin da ke tsakanin Dakoro da Kornaka, na ga yadda hanya ke horon mai gaggawa. Wanda ya fizgi tafiya da hantsi, kafin azahar yana gindin aduwa yana matsa ƙafa. Tsoho mai sammako, wanda ya san lokacin hutu da lokacin kurɓar ruwa, shi ke fara isa. To, ina ga tafiyar shekaru?

Babu guzurin da ke kai mutum Makka a ƙasa. Inda kuɗi suka ƙare, nan ake yada zango: wannan ya kama ɗinkin hula, wancan wanzanci ko ga-ruwa, mata su kafa kaskon ƙosai. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, da yawa sun yi ƙodago a can. Kwabo ya taru, a ɗaure kaya. Malaman Malikiyya ma sun ƙidaya mai lafiyar tafiya a ƙasa, mai sana'ar ciyar da kansa a hanya, cikin masu ikon aikin hajji. Haka yaron da aka haifa a Wadai kan yi ɗawafi da ƙafarsa.

Daɗewar kuwa ba wasa ba ce. Akwai kaburbura a kan hanyar nan. Akwai kuma waɗanda zango ya zame musu gida. Mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903 sun nufi gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu, jikokinsu na can har yau da Hausa da Fillanci a baki.

Yanzu maniyyaci kan tashi daga Yamai ya sauka Saudiyya cikin sa'o'i kaɗan, amma sannun ta koma wajen tara kuɗin kujera. Makiyayin kwarin Tarka da ke ware karsana kowace shekara, da mai ƙuli-ƙulin da ke zuba adashi kowace ranar kasuwa, su ne magadan waɗancan matafiya. Karin maganar ba ta yi wa mai zaman jira alkawarin komai ba. Wanda ya ƙulla niyya, ya fara ajiye abin da ya samu tun wannan kaka.