In An Kama Ɗanka da Ƙwaya

Ɗan'uwana cikin Almasihu, in jandarmomi sun kama ɗanka da tramol ko wiwi, kada kunya ta sa ka yashe shi a gidan kaso. Kada kuwa ka sayar da gona domin cin hanci. Ƙarin zunubi ne. Nemi lauya na gaskiya. In ba ka da hali, tafi gidan shari'a ka tambayi ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa domin taimakon talakawa. Gargaɗi yaron ya faɗa wa lauyansa gaskiya duka.

Mu ma masu laifi ne, amma Yesu yana tsaya mana a gaban Uba. Karanta 1 Yohanna 2:1 da iyalinka yau.