Wuƙa Tana Jiran Amsa

Majinyaci na kwance, allurar barci ta ɗauke shi, wuyansa a buɗe. An cire tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, saboda kansa ta kama ta. Saura kaluluwar da ke kewaye: cutar ta kai can ko ba ta kai ba?

Likitan tiyata yakan ciro ɗaya ya aika ɗakin gwaji. Can za a daskarar da ita, a yanko ɓalli mai shara-shara, a rina, a duba a madubin likita. Cikin kamar minti 20 zuwa 30 amsa ta dawo. Akwai kuma hanyar OSNA ta kamfanin Sysmex na Japan, wadda ke farautar wata alama mai suna CK19 a cikin naman. An fi saninta a kansar mama, ana kuma jarraba ta a wuya.

Amsar tana da nauyi, don wuya ba wurin wasa ba ne. Nan jijiyar murya ta bi. Nan wasu ƙwayoyi huɗu suke, kowace kamar ƙwayar shinkafa, masu daidaita kalsiyam a jini. Idan ladan ne kwance, ko malamar Islamiyya, kuskure kaɗan zai iya dusashe muryar har abada.

Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a gusar da cuta da wata cutar kamarta, kuma jiki amana ne a hannun mai shi, balle a hannun wanda aka miƙa wa shi ana barci. Ta wannan fuska gwajin gaggawa rahama ne: yana hana a yanke lafiyayyen nama bisa zato kawai.

Sai dai tambayar ba ta ƙare nan ba. Ganin cuta ya wajabta yanka? A Koriya ta Kudu, yawan gwaji ya sa masu kansar tayirod da aka gano suka ninka kusan sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma adadin masu mutuwa bai canja ba. A wani asibiti mai suna Kuma da ke birnin Kobe na Japan kuwa, tun 1993 ake barin wasu ƙananan ƙarin tayirod ana sa musu ido, kuma yawancinsu ba su girma ba.

Shi ya sa likita mai tsoron Allah yakan zaunar da ladan tun kafin ranar tiyata, ya ce: “Malam, in amsa ta zo haka, ga abin da zan cire, ga kuma abin da muryarka za ta iya fuskanta. Ka amince?”